Kaset ɗin Usama a Hannun Inna

Sultana, Madina
Afrilu, 1999

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

Saudatu, na yi aika-aika. Kin san ɗana Usama da abokansa, Ali da Abdulrauf, sun kafa ƙungiyar kiɗa irin na Turawa, mai jitar lantarki da ganguna. Ba a yin wannan a cikin gari, don haka a wani ɗakin ajiyar dabino can bayan unguwar Jurf suka ɗauki waƙoƙinsu da rikodata. Kaset ɗaya tak gare su, kuma wani mai situdiyo a Jidda ya ce a kai masa ya ji. Ba halin sakewa, don Ali mai ganguna ya tafi karatu Sudan.

Ni da nake rubuta suna a bayan kowane kaset, ni da ko ciwon kai na yi sai na sa a littafina, ni ne na musanya gidajen kaset biyu. Na gaisuwar da na yi wa Inna ga shi nan a gabana. Na Usama kuwa Hajiya Kaltuma da ta zo aikin Hajji ta tafi gida da shi cikin tsarabar dabino da zamzam.

Kin san halin Inna, a kan kaset ɗin da aka aiko mata take ɗora amsa. Don Allah ki ɓalle 'yan haƙoran nan na samansa don kada ya ɗauki magana, ki ba duk mai zuwa Umra. Usama bai ce min komai ba sai ma'alish, wato ba komai, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Yayanki,
Haladu

Sultana, Madina
Yuli, 1999

Saudatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Awwalu da ya zo Umra ya iso da kaset da takardarki. Da na karanta cewa wasiƙata ta zo bayan Inna ta riga ta danna jan maɓalli, sai na kira Usama.

A falo muka kunna. Sai ga sallamar Inna. Ta tambaya ko rikodata ce ta lalace, ko kuwa makera sun tare a Madina. Sannan ta ce ta gane muryar jikanta a cikin hayaniyar, irin ta marigayi Baba ce sak idan yana kiran shanu. Tana cewa to bari mu ƙara jin sa ke nan aka ɗauke muku wuta, ɗaukar muryar ta tsaya. Nan take jitar ta shigo kamar da gangan aka shirya. Farkon waƙa ɗaya kawai muka rasa.

Usama ya yi dariya har da hawaye, ya kai shi Jidda a haka. Mai situdiyon ya kira su, kuma ya rantse muryar tsohuwar nan ce za ta buɗe faifan. Ki nemi izininta. Usama ya roƙe ta da bakinsa a sabon kaset ɗin da ke haɗe, da Hausa, ba Larabci ko kalma ɗaya.

Na saurare shi kafin na rufe, na buɗe na sake saurare. Duk da haka ki fara ji kafin ki kai mata.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Haladu