Ƙofar Bayan da Na Bari

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Umma da yara? Ni lafiya lau nake. Ɗaukar kaya a sito ce take ɗan kumbura min yatsu, ba wani abu ba ne.

Ina ganin gayyatarka a wasanmu na intanet duk Asabar. Ba intanet ce take ba ni matsala ba, ɓuya nake yi. Ka san dokarmu a wasan: dodanni suna zuwa ayari bayan ayari, kai a ƙofar gaba, ni a ta baya, wanda ya faɗi ɗan'uwansa ya ɗaga shi, kuma ba mai fita ana tsakiyar faɗa. To, ni a gida na fita. Na bar ka da jinyar Baba, da wankansa, da juya shi. Da wane ido zan shigo in ce ka ɗaga ni?

Matarka ta ce ba ka ba kowa gurbina ba, kai kaɗai kake tsare ƙofa biyu. Allah ya saka maka da alheri. Asabar ɗin nan zan shigo. Ko ba mu buga ba, ka bar makirufo a buɗe, in ji muryar Baba.

Ƙaninka.