Baba Ya Sake Riƙe Ƙwallon Tebur

Assalamu alaikum Gwaggo Hajara,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya Kano, ya Alhaji da yara? Mu nan unguwar Tandabawi a Makka alhamdu lillah.

Gwaggo, albishirinki! Kin san tunda ɓarin jikin Baba ya shanye ya ƙi motsa hannun nan yadda daktur ya ce. Kullum sai "Halas, ni na gama." To ran Talata ina latse-latsen jawwal, wato wayata, na ci karo da bidiyon wani ɗan Sweden, gwanin ƙwallon tebur. Wai tun yana yaro yake bugawa, ya kara da 'yan Sin har suka yi ritaya, ya dawo yana karawa da ɗalibansu. Na tuna kin ce Baba ma gwanin wasan ne da a unguwar Misfala, sai na nuna masa.

Sau uku ya kalla. Ya ce, "Ke Zainabu, duba! Mutumin nan da wuyan hannu yake wasa, ba da ƙarfi ba." Hannun nasa kuwa sai juyawa yake a kan bargo, bai ma sani ba. Umma ta kau da kai tana share hawaye.

Ba mu da tebur, sai muka ɗora tsohuwar ƙofa kan tukwanen gas. Jiya daga zaune ya maido mini ƙwallo sau huɗu, har da tsiya: "Yalla ƙaro, raguwa kawai!"

A taya mu da addu'a, a gaida kowa da kowa. Baba ya ce in gaya miki ran Juma'a a tsaye zai buga.

'Yarki,
Zainabu