Kwanon da Inna ke miƙo wa karenmu ta kan katanga

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida mai albarka. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a cikin group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma masu saurin yanke hukunci ku daure ku karanta har ƙarshe, na san da an ambaci kare wasu har sun fara jan tsaki.

Ni matar aure ce, muna zaune a Tudun Wada nan Zariya, yarana uku. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Shekarar da aka haura mana katanga aka kwance ragon layyarmu, sai ya ce shi kam hankalinsa ba zai kwanta ba ni da yara mu kaɗai a gida, kare zai kawo. Na yi kuka, na ce ni da nake fama da sallata da ɗan karatuna ina ni ina kare. Sai da na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce in dai don gadi ne babu laifi, a keɓe masa wurinsa da kwanonsa, kar ya shiga ɗaki.

Haka ya kawo shi ɗan kwikwiyo a cikin kwalin taliya, yana ta rawar ɗari. Ruwa biyu ne, uwarsa karyar wani maharbi ce a Dutsen Abba, ubansa kuma irin manyan karnukan nan na Turawa ne, na wani malamin makaranta a Kongo nan cikin Zariya. Shi ya sa ya fito wani iri, ƙirji da yawan gashi na uban, siraran ƙafafu na uwar, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance kamar mai sauraron gulma. Yara suka sa masa Duna saboda baƙin bayansa.

Wanda ya kawo shi ya koma Kaduna, ɗawainiya ta dawo kaina. Ni ce ba shi kanzo da sauran tuwo, ni ce aike wurin mahauci a samo masa ƙashi, ni ce cire masa kaska a kunne da damina, ni na ɗauki keke napep na kai shi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare, mai keken yana ta mita har muka dawo. Ina da wani tsohon zani da na ware, shi nake ɗaurawa in zan yi hidimarsa, in na gama in cire in wanke hannu da sabulu. Da rana yana ɗaure a bayan gida ƙarƙashin tankin ruwa saboda gashinsa ba ya son zafi, da yamma a sake shi. Ban san lokacin da ya shiga raina ba. Duna bai taɓa taka ko bakin ƙofar ɗakina ba, in ya ga na shimfiɗa darduma a tsakar gida da kansa yake ja da baya ya kwanta nesa. Tun zuwansa ko takalmi ba a sake ɗaukar mana ba.

To ga inda matsalar take. Muna da maƙwabciya, dattijuwa, katanga ɗaya ce tsakaninmu kuma gajeriya ce, zan kira ta Inna. Mahaifiyata ta rasu tun kafin aurena, wannan matar ita ta zame mini uwa a unguwar nan. Ita ta yi mini wankan jegon yarana biyu, ita ta dama mini kunun kanwa, in na yi rashin lafiya ita ke kwashe yaran. Kuma tun da na tare muke ciyayya da ita, in na sauke girki in zuba in miƙa mata ta kan katanga, ita ma in ta yi nata ta miƙo. Kun san dai yadda abin yake, kwanon maƙwabci ba a mayar da shi da abinci a ciki, wannan cin fuska ne.

Inna ba ta taɓa son Duna ba. Tun ranar farko ta ce mun kori mala'iku daga gidanmu, ta daina shigowa, sai dai mu gaisa ta katanga. Ana nan sai kazarta mai 'ya'ya ta tsallako mana da yamma, kafin in fito daga kicin Duna ya riga ya kashe ta. Maigida ya je da kansa ya ba ta haƙuri, ya ce zai saya mata wata, ta ce ba ta so, ita ta bar wa Allah, amma dai kowane mai rai da ranarsa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Shi kuma ya dawo yana faɗa, wai ai kazar ce ta shigo, ba karen ne ya je ba. Maigidana mutumin kirki ne amma akwai zuciya, in ya hau ba ya jin kira.

Bayan wannan da 'yan watanni, wata Juma'a maza duk sun tafi masallaci, wani ya lallaɓa zai kwance akuyar Inna a soronta. Haushin da Duna ya yi ta yi yana neman tsinke igiya shi ya sa na leƙa na yi ihu, mutumin ya saki akuyar ya ruga. Washegari Inna ta miƙo kwanonmu kamar kullum, sai kuma ta miƙo wani tsohon kwanon samira, ta ce wannan na mai gadinku ne, a ba shi ladan aikinsa. Wallahi har hawaye na yi don murna, na ce Allah ya daidaita mu. Shinkafa ce da romo da 'yan ƙasusuwa, ya cinye tas.

Ba a jima ba ya fara amai. Na ce ko canjin abinci ne. Kwanon ya ci gaba da zuwa, ba kullum ba, amma duk ranar da ya ci sai ya wuni a kwance, miyau na dalala, ya ƙi ruwa, idonsa ya yi wani iri. Kare da in yara sun dawo daga makaranta yake tsalle kamar zai tashi sama, ya koma sai dai ya kaɗa jela yana kwance. Abin da ya fara tayar mini da hankali, Inna ta tafi biki Kano ta ɗan kwana biyu, Duna ya warware sarai har yana haƙa rami a gindin gwanda. Tana dawowa kwano ya dawo, ciwo ya dawo.

Sannan ga tambayarta. Inna ba ta taɓa tambayata ko yara sun ci abincinta ba, amma na kare sai ta leƙo ta ce "'Yar nan, ya ci kuwa? Ya cinye duka?" In na ce ya rage sai ta ce a ɗumama masa gobe, kar a zubar, almubazzaranci ne. Rannan kuma na gan ta a ƙofar gida tana sayen shinkafar ɓera wurin mai talla, da ta gan ni ta yi saurin ƙulle ta a bakin mayafi. To amma wa ba ya sayen maganin ɓera a Tudun Wada? Ni ma ina saya. Kuma tsofaffi komai a bakin mayafi suke ƙullewa. Kun ga yadda zuciyata ke kai ni tana dawo da ni.

Na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya duba shi, ya ce zai iya zama guba ce ake ba shi kaɗan-kaɗan, zai kuma iya zama abincin ne kawai, domin albasa da yawa da yaji da miyar da ta kwana suna wahalar da kare, balle shi da ya ɗauko cikin ubansa, irin na karnukan Turawa marar juriya. Girkin Inna kuwa kowa ya san shi da albasa da barkono. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba sai in na kawo abincin an gwada. Na dawo da shi gida. Yanzu ni ce zan ɗauki abincin matar da ta gasa mini jiki da ruwan zafi, in ƙunsa a leda in kai a bincika ko ta sa guba?

Tun daga nan na daina ba shi. In ta miƙo sai in karɓa in yi godiya, in faki ido in zubar a bola, in wanke kwanon in mayar. In ta tambaya in ce ya cinye. Ƙarya nake yi wa tsohuwa, wani lokacin da alwalata, abin yana damuna ƙwarai. Duna ya samu sauƙi, har Inna ta leƙo ta daɗe tana kallonsa, ta ce "Oh, ashe dai yana nan da ƙarfinsa." Ban gane murna ce ko mamaki ba. Shekaranjiya kuma na fita zubar da shara na tarar da gafiya a mace daidai inda nake zubar da abincin. Wataƙila daga wani gidan ta ciwo maganinta ta zo nan ta mutu, Allah ne masani. Amma tun lokacin ko namu kwanon da ta miƙo sai na tsaya ina jujjuya shi kafin in zuba wa yara, astagfirullah, abincin da na shekara da shekaru ina ci.

Maigida bai san komai ba, ya ɗauka tsutsar ciki ce ta kama karen. In na gaya masa, wallahi kafin a gwada komai zai tsaya a ƙofar gidanta ya tara mata jama'a, zaman da muka gina ya rushe, kuma in ta tabbata albasa ce kawai da wane ido zan kalle ta? In na ce mata ta daina kawowa, Inna ba yarinya ba ce, nan take za ta gane zarginta nake. In kuma na yi shiru, ranar da ba na nan za ta iya jefa masa ta kan katanga, shi kuma dabba ne, bai san mai sonsa da maƙiyinsa ba in dai da ƙashi. Amana ce a hannuna, Allah zai tambaye ni shi, kuma zai tambaye ni zato idan na zalunce ta.

Don Allah iyayena da yayyena na group ɗin nan, ya zan yi? In kai a gwada a ɓoye, ko wannan ma cin amana ne? In sakamakon ya fito da abin da nake tsoro, wa zan fara gaya wa? Akwai lafazin da zan tsayar da kwanon nan ba tare da na tsayar da zumunci ba? Yanzu haka da nake rubutun nan kwanon samirar yana kan tanki a rufe, na ɗora dutse a kan murfin, Duna ya ji ƙamshi yana ta kallona yana kaɗa jela. Bayan la'asar Inna za ta leƙo karɓar kwanonta, kuma na san abin da za ta tambaye ni.