Hodar da Kika Koya wa Rabi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan Allah ya ƙara yalwata makwancinki. Yau ƙara na kawo, kuma ƙararki ce.

Kin tuna shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, rumbun Baba ya ƙare tun kafin bazara? Kullum da hantsi sai ki zauna a bakin ɗaki da ɗan madubinki. Ki zazzaga hoda a tafin hannu, ki murza, ki shafa tun daga goshi har wuya. Sannan ki dangwali jan-baki da ɗan yatsa, ki ɗiga a kumatu, ki yi ta murzawa har ya bi fata. Kina yi kina cewa, "Ba wadda za ta leƙa rumbun ubanku ta fuskata."

Ba wadda ta leƙa kuwa. Matan maƙwabta suna cewa ba kya tsufa. Kina turo mana kwanon tuwo, ki ce kin ci a madafi, mu dubi kumatunki mu yarda. Sai ranar da kika faɗi a bakin rijiya. Malamar asibiti ta ja fatar idonki ƙasa, ga shi fari fat. Ta ce, "Duk gidan ba mai ido?" Muna da ido, Inna. Abin da kika shirya mana shi muka gani.

Makon jiya na bar aiki a Kano na je duba Rabi, autarki, a gidan mijinta can gefen Bagwai. Cikinta wata bakwai. Bana ma hatsi ya yi wuya, kowa ya sani. Na tarar da ita hoda ta kwanta fari-fari a kan fata ɗasassa, kumatu jajir, sak hannunki. Tana haki tana dariya, ta ce, "Yaya, kin ga ciki ya karɓe ni ko?"

Na ce ta ɗauko mayafi mu tafi asibiti. Ta ce, "Don Allah rufa min asiri. So kike a ce Malam Sani ya kasa ciyar da ni?"

Na yi lallashi, na yi bayanin ƙarancin jini dalla-dalla, da abin da yake yi wa mai ciki ranar haihuwa. Ta ce duk ta ji, amma Inna haka ta yi. Da ke ta kafa min hujja!

Sai na jiƙa bakin mayafina a randa, na riƙe haɓarta, na goge fuskar tas a gaban surukarta. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Innalillahi! Yarinyar nan a gabana take?" Ta ƙwala wa ɗanta kira ya fito da babur.

An ƙara mata jini. Har yau ba ta ɗaga wayata, wai na tona mata asiri a gidan miji. Na yarda ta yi ta fushin, tunda yanzu tana da ƙarfin yin sa.

Na san don mu kika yi, Inna. Amma da kin bar mu mun gan ki ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Allah ya sauki Rabi lafiya.

Taki har kullum,
Binta