Hoton da Kwamfuta Ba Ta Ɗauka Ba

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan. Gyaran da na turo na cibiyar manhajar kwamfuta yana jibge a gabanki tun makon jiya. Ke ce mai duba sashen, sai kin sa hannu zai shiga. Oga ya ce in bai shiga ba kafin ƙarshen wata, in nemi wani aikin. Duka-duka layi nawa ne? Ki sa hannu kawai, ban da iyayi.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na karanta, na sake karantawa, don na ɗauka idona ne.

Aikin sashen nan ɗaya ne: in kwamfuta ta fara rikicewa, ya ɗauki hoton abin da take yi a lokacin, masu gyara su duba daga baya. In babu wurin ajiye hoton, ya yi ƙorafi. Ƙorafin nan aka ce ka magance, sai ka toshe masa baki, ka sa yana cewa "an ɗauka" alhali ko ƙura bai ɗauka ba. Haba, Yaya! Ranar da injin wasu ya tsaya, suka buɗe hoton suka tarar wayam, sunan wa za su gani a ƙasa? Nawa. Wallahi kunya ta kama ni. Ka sake rubuta shi.

Na bar ka lafiya,
Auta.

Auta,

Gaisuwa. Lallai wuyanki ya yi kauri. Ni na saya miki kwamfutar farko, kina danna ta da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Wa ya taɓa ganin wurin ajiyar nan ya cika? Kin samu kujera mai juyawa, kin ɗauka ke kika ƙera duniya. Ba zan canja ko ɗigo ba. 'Ya'yana uku, ki tuna.

Yayanki, ko kin ƙi ko kin so.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na cika wurin ajiyar a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, nan take gyaranka ya shara ƙarya. Na rubuta wani da kaina, ya shiga jiya da sunana.

Oganka ya kira yana ta godiya. Ya tambaye ni ko na san wanda ya iya aiki, wai kujera ɗaya za ta zama babu kowa a ofishinsa ƙarshen wata. Na ce zan duba masa.

A gaida yara.
Auta.