Kafaɗar Inna

Zuwa ga Yaya Hadiza a Kwatano,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Yaya maigidanki da yara? Mu nan Maraɗi sai godiya.

Yaya, tun da aka cire wa Inna nono kika aiko cewa kada ta motsa hannun gefen da aka yi aikin, don gudun kumburi. Mun bi maganarki, ko buta ba ta ɗauka. Gwaggo ta Tsibiri har ɗaure mata shi ta yi da gyale. Kumburi bai zo ba, amma kafaɗar ta sandare.

Da yajin aikin likitoci ya ƙare muka koma asibiti. Likita ya yi ta faɗa, ya ce motsi a hankali ba ya kawo kumburi, yin ƙaho da gasa hannun da ruwan zafi su ne abin gudu. Yanzu kullum tana jan yatsunta sama a jikin bango, tana cije baki.

Ran Juma'a na iske ta zaune, kallabi a cinya. Inna fa, matar da ke yi wa amaren Jiratawa ɗaurin kallabi, ita ce ta ce mini, "Rabi, zo ki ɗaura mini, kada kowa ya ji."

Ke kaɗai na faɗa wa. Ki roƙi Allah ya mayar mata da hannunta. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi