Ɗakin da Inna Za Ta Sauka a Jirginku

Gidan Malam Yahya Kafinta,
Hanyar Watari, Bici.

Zuwa ga ƙanena Abdulrashid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can Dubai, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai gwiwar nan da ka sani. Mai ɗakina Aina'u da yara suna lafiya, 'yar'uwarmu Rahmatu ma ta zo daga Kunci ta yi mana kwana huɗu. Tumatirin fadama ya yi kyau bana, amma tsutsa ta taɓa attaruhu, albasa kuwa sai wata mai zuwa za mu cire.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali kusan kullum muna magana a waya. Sau uku ina ɗaukar wayar don in gaya maka abin da ke ciki, sai in ji muryarka cike da murna, in ɓuge da tambayarka zafin garin. Da na ji abokin aikinka Tasi'u zai koma bakin aikinku ranar Asabar, sai na ce gara in rubuta ya kai maka hannu da hannu, ka karanta ba tare da ina kallon fuskarka ba.

Ka tuna ranar da ka fara turo hotunan jirgin, lokacin da aka jawo shi daga ruwa aka ɗora shi a kan tudu don gyara. Ka ce ya haura shekara talatin yana yawo da masu hannu da shuni daga wannan teku zuwa wancan. Na ga tsatsa ta ci gindinsa, na ga kafet ɗin da aka ɓamɓaro an tara shi kamar juji, na ga bahon wankan da ya yi rawaya don tsufa. Amma ni abin da idona ya tsaya a kai shi ne katakon bangon babban masaukin nan na sama. Ban taɓa ganin katako irinsa ba. Na ƙara girman hoton har ya dushe, ina bin jijiyar itacen da yatsa a kan gilashin waya. Ka san ni aka fara yi wa tayin aikin nan shekara shida da suka wuce, na ce ba zan bar Baba a kwance in tafi ba, na ba da sunanka. Ban yi nadamar zama da Baba ba har ya cika a hannuna. Amma ranar da na ga katakon nan, na koma rumfata na tarar da bencin makarantar allo da ƙyauren kaji suna jirana, sai na kasa ɗaukar ko guduma.

Daga baya ka kira ni hankalinka a tashe, ka ce danshin teku ya sa allunan sun lanƙwashe, shugaban aikinku yana so a ciccire su a maye gurbinsu da na roba mai kama da katako. Na ce maka kada ka bari a buga musu ƙusa. Na ce ka cire su ɗaya bayan ɗaya, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a gefen da ya lotsa, ka danne da nauyi a inuwa, ka kankare tsohon man da fasasshiyar kwalba yadda Baba yake yi, sannan in za ka mayar ka bar musu 'yar ƙofar numfashi. Ka yi, ya yi kyau, aka yaba maka, aka damƙa maka dukkan manyan ɗakunan. Wallahi na yi maka murna. Amma kuma na jira in ji ka ce ka gaya musu akwai wani yayanka a Bici da ya san wannan aikin, ban ji ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Da ka turo bidiyon bayan gyara, a tsakar gida aka kalle shi, mata sun cika har zaure. Sabon kafet ruwan zuma, labule har ƙasa, fitilu a ɓoye cikin rufi, ga katakon nan yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Inna tana zaune a kan kujerar da na sassaƙa mata, tana gaya wa Baba Shago maƙwabcinmu cewa ɗanta ne yake gina ɗakuna a kan ruwa. Na tsaya a bayan mutane ina murmushi, haƙorana kaɗai ke yi.

Sai kuma maganar da ta fi duka. Ka ce kamfanin ya ba manyan ma'aikata damar ɗauko mutum ɗaya daga gida a tafiyar gwaji zuwa Jidda kafin a fara ɗaukar fasinjoji, kuma kai Inna ka zaɓa, daga can ka wuce da ita Umara. Ka turo mini ɗakuna uku ka ce in nuna mata ta zaɓa. Abdulrashid, tun rasuwar Baba ba ni da burin da ya wuce in zama ni ne na kai Inna ɗakin Allah. Kowace shekara ina cewa in albasa ta yi kasuwa, kowace shekara wani abu ya gitta. Ga shi kai ka zo da abin a shirye, har da zaɓin ɗaki.

Ga abin da na aikata. Ban nuna mata ɗakunan ba. Tsofaffin hotunan na buɗe mata, na tsatsa da juji. Na ce mata jirgin ya kusa sa'ana a shekaru, fenti kawai aka shafe shi da shi, kuma irin waɗannan in sun tsufa ba a san ranar da ƙasansu zai buɗe ba. Ka san Inna ko bakin magudanar dam ba ta son tsayawa. Ta ce a bar maganar. Shi ya sa da ka kira ta ce maka gwiwa ce ta hana ta, kai kuma ka yarda, har ka yi ta neman maganin gwiwa.

Na zaci abin zai tsaya nan, ashe ban yi tunani ba. Inna ba kanta ta ji wa tsoro ba, kai ta ji wa. Ta rage cin abinci. Ta fara azumin Litinin da Alhamis da wannan jikin nata, ta sa aka yi waina aka rabar a masallaci. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko, ta kira ni ɗakinta ta ce tunda ni ne babba kuma kana jin maganata, in umarce ka ka ajiye aikin ka dawo gida, gara ka zo mu ci tuwon dawa tare, da a aiko mata da mugun labari. Tana faɗa tana jan carbi. Da na fito, Aina'u ta tare ni a bakin rumbu ta ce ita dai ta ga bidiyon sabon jirgin da idonta, kuma ta san mijinta ba maƙaryaci ba ne, don haka tana jira ta ga ranar da wannan mijin nata zai dawo. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari da hantsi na koma wurin Inna na durƙusa na gaya mata komai. Na ce an canza wa jirgin ƙarafan da suka ci, an sabunta injinsa, masu bincike sun duba shi ciki da waje kamar yadda ka bayyana mini, kuma hassada ce ta sa na faɗi abin da na faɗa. Ta daɗe tana kallona. Ta ce tun muna yara in aka ba ka ƙashi mai ɓargo sai in ce ƙoshi na yi, in tashi daga kwanon, ita kuma ta zaci na girma na bar halin. Ta ce kwana goma sha ɗaya na hana ta barci a kan ɗanta, wannan sai na nemi gafarar Allah, nata kuwa ta yafe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ga furfura a gemuna.

Yanzu ga maganar ɗaki, don na zauna da ita mun duba su ɗaya bayan ɗaya. Babban na sama, wanda ka yi wa aikin katako, ya fi kowanne kyau, da falonsa da banɗaki biyu. Na san shi kake so ta zaɓa don ta ga aikin hannunka. Amma kai da bakinka ka ce can gaba kuma can sama ya fi jijjiga in teku ta motsa, kuma da nisa zuwa wurin cin abinci. Na baya mai faffaɗar baranda yana saman inji, ka ce gado yana ɗan kaɗawa, sannan kafet da labule kawai aka canza masa, tsohon bahon nan mai zurfi yana nan, Inna ba za ta iya ɗaga ƙafa ta shiga ba. Don haka na tsakiya za ka kama mata, na hawa na biyar, ko da ya fi ƙanƙanta kuma taga ce da shi ba baranda ba. An cire masa baho an sa wurin wanka na tsaye mai kujera da abin riƙewa, zai yi mata daɗin alwala, kuma yana kusa da na'urar hawa bene. Ka tambaya ko tagar tana buɗuwa, don ba ta son sanyin na'ura. In kun tashi, ka riƙe hannunta ka kai ta babban ɗakin da rana ta shafa katakon. In ka ga dama ka gaya mata wanda ya ba da shawarar, in ba ka ga dama ba, ba zan tambaya ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta wanke tas ba. Har yanzu in na ga hotonka da farar hular aiki a kan wannan jirgi sai na ajiye wayar na ɗan zaga bayan gida. Ina addu'a a kai, kai ma ka taya ni. Abin da nake roƙo shi ne ka yafe mini, kuma ka kira Inna da kanka ka tabbatar mata, don muryarka take son ji. Takardunta na tafiya ni zan kai ta Kano mu yi, ranar Talata in Allah Ya kai mu.

Jiya ta aiko a kira ni. Ta ce ta ga lungunan jirgin dogaye ne, ba za ta iya bin su ba sanda ba, kuma ba ta son irin ta ƙarfen nan ta asibiti, in nemo marke mai kyau in sassaƙa mata. Na riga na saro reshen, yana bushewa a inuwar rumfa. Ko da suna da waɗanda suka fi ta kyau a can, kada ka karɓe mata ita.

Inna tana sa maka albarka. Aina'u, Rahmatu da mai gidanta Muhammadu Sani, da 'yarka Aishatu da ta ce a gaya maka ta shiga izu na uku, duk suna gaishe ka. Baba Shago ya ce a tambaye ka ko kifin teku ya kai na Watari daɗi. Ka gaida duk 'yan gida da ke tare da kai. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka mai neman afuwarka,
Zaharaddini Yahya.